Daga Kalwa Zuwa Dunƙule: Yadda Magi Ya Gaje Gurbin Daddawa

A kasuwar Funtuwa, ko ta Bakori, ko ta Malumfashi, idan aka aiki yaro ya sayo magi, mai tebur sai ya tambaye shi wanne. Mai tauraro, ko Knorr, ko Royco, ko kuwa fari? Sunan hajar kamfani guda ya zama sunan dukkan abin da ake jefawa a miya don ta yi armashi, har kishiyoyinsa ma da sunansa ake kiransu. A harkar ciniki babu ɗaukakar da ta wuce wannan. Ni kuwa da nake wuni ina miƙa wa mutane maganin hawan jini, tarihin wannan ɗaukaka ya shafe ni, domin yana bayyana wani abu da ya sauya a tukunyarmu ba tare da an yi shawara da kowa ba.

Kafin zuwan dunƙule, daddawa ce uwar miya. Manomin ƙasar nan ba ya sare ɗorawa idan yana sharar gona, saboda babu abin yarwa a jikinta: garinta mai ruwan ɗorawa abin sha ne, ɓawonta ake jiƙawa a yi makuba ta daɓe da shafen katanga, ƙwayarta kuma ita ce kalwa. Aikin mayar da kalwa daddawa aiki ne na mata, kuma mai cin rai. Sai an dafa ta tsawon yini ko kwana, a surfe ɓawon, a wanke, a sake dafawa, sannan a zuba a kwando a lulluɓe ta kwana biyu zuwa uku har ta ruɓe ta yi yauƙi. Bayan haka a kirɓa, a mulmula, a shanya. A cikin kwanakin nan na lulluɓi, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna warware furotin ɗin kalwar, sai wani sinadari mai suna gulutamet ya fito fili. Shi ne ke sa miyar kuka da babu tsoka ko ɗaya a cikinta ta yi ɗanɗano kamar an sa nama. Inda kalwa ta yi wuya, akan yi daddawar batso da 'ya'yan yakuwa. Baturen yawon bincike Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano da Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya iske wannan sana'a da tsufanta, har daga baya masana tsirrai suka laƙaba wa ɗorawar yankinmu sunansa na wani lokaci.

Shi kuwa Maggi sunan mutum ne. Julius Maggi mai injin niƙa ne a ƙasar Suwizalan, a wani ƙauye kusa da Zurik. A shekarun 1880 wani likita mai duba masana'antu, Fridolin Schuler, ya damu da yadda iyalan leburori ke ramewa, domin matansu sun shiga aikin masaƙa ba su da lokacin girki, nama kuma ya fi ƙarfinsu. Shi ya ƙarfafa wa Maggi guiwa ya sarrafa garin wake da danginsa ya zama miya mai saurin dahuwa. A 1886 aka fitar da ruwan ɗanɗanon Maggi a kwalba, a 1908 kuma dunƙulen ya fito. A wannan shekara dai ta 1908, can a Tokiyo, wani malamin kimiyya mai suna Kikunae Ikeda ya ware gulutamet daga wata ciyawar teku da Japanawa ke romo da ita, kuma a shekarar da ta biyo baya aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Kakannin magi mai tauraro da farin magi ke nan, tagwaye a shekara, kuma kowannensu yana farautar ɗanɗanon da kakanninmu mata suka riga suka kama a cikin kwandon kalwa. Kamfanin Nestlé ya mallaki Maggi a 1947.

Nestlé ya fara kasuwanci a Najeriya a 1961, dunƙulen Maggi ya biyo baya a 1966. Da farko daga waje ake shigo da shi. A farkon shekarun 1980 aka soma yin sa a masana'antar Agbara ta Jihar Ogun, kuma da buƙata ta yi yawa aka buɗe wata sabuwa kusa da Shagamu a 2011.

A ganina dabara uku suka ci masa kasuwa, kuma ta farkon ta fi sauran nauyi nesa ba kusa ba. Ita ce sayar da shi ƙwaya ɗaya-ɗaya. Matar da ake ba kuɗin cefane kullum safiya ba ta sayen fakiti. Tana sayen manja na cokali, da tattasai kashi guda, da daddawa ƙwaya biyu. Dunƙule mai nauyin giram huɗu, naɗe a takardarsa mai ja da ruwan ɗorawa, ya shiga wannan lissafi daidai wa daida. Bai buƙaci kanti ba, bai buƙaci firiji ba, damina ba ta ɓata shi da wuri. Daga hannun babban dila a Kano ko Kaduna ya sauka wajen 'yan sari, daga nan ya hau teburin ƙofar gida, ya shiga farantin 'yar talla, ya kai ga matan kulle masu sayar da kayan miya a cikin ɗaki. Wato hanyar da daddawa ke bi ta isa tukunya, ita ya bi, kuma sau da yawa hannun da ke sayar da daddawar shi ke sayar da magin.

Ta biyu ita ce ɗanɗano. Dunƙulen da ake yi wa Najeriya ba irin na Turai ba ne; a cikin haɗinsa akwai waken suya da aka ruɓar, don ya kusanci daddawa da iru da ogiri da harshen mutanen ƙasar ya saba da su. Waken suya kuwa amfanin gona ne da ake lodinsa tirela-tirela daga kasuwannin hatsi irin na Dandume da Funtuwa zuwa kudu. Ta uku ita ce talla, wadda aka fuskantar da ita kacokan ga uwargida: shirin girki a talabijin, gasar girki, sannan daga baya shirye-shiryen azumi cikin harshen Hausa. Saƙon da ke ƙarƙashi a bayyane yake, cewa macen zamani mai tsafta miyarta ba ta warin daddawa. Da tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, nama ya yi wa talaka nisa, sai ƙwayar da ke ba ruwa ɗanɗanon nama ta tashi daga kayan marmari ta koma larura.

Masu hamayya sun koyi karatun. Ajinomoto ya kafa kamfaninsa na Najeriya a 1991, ya baza ma'aikatansa kasuwa-kasuwa suna sayar da ƙananan ƙunshi hannu da hannu, kuma a Arewa ya fi samun karɓuwa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yunƙurin Cadbury, wanda a shekarun 1990 ya fito da dunƙulen kalwa ya sa masa suna Dadawa. A takarda dabara ce mai kyau, amma ba ta yi ƙarko ba. Ina jin matsalar biyu ce: mai son daddawa yana samun ta gaske da arha a maƙwabta, mai gudun ta kuwa sunan ma ya ishe shi kora. Ga shi kuma ɗorawa ba shukar gandu ba ce, tana ɗaukar shekaru kafin ta fara 'ya'ya, sau ɗaya kuma take yi a shekara, alhali injin masana'anta kullum yake neman abin niƙa.

Sabon babi ya buɗe da aka fara tallar dunƙule da sunan lafiya. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa sinadarin aidin a gishiri don yaƙi da maƙoƙo, kuma dunƙulen da aka yi da irin wannan gishiri yana kai aidin gidajen da babu wata hanya da za ta kai shi. Wannan alheri ne, ba na musu. A 2012 Nestlé ya ƙara sinadarin ƙarfe a dunƙulensa, wasu kamfanoni suka bi sahu. Sai dai mai karatu ya san girman abin. Ƙarfen da ke cikin dunƙule ɗan kaɗan ne, kuma irin wanda aka zaɓa ne don kada ya ɓata launin miya, hanji ba ya tsotsarsa sosai. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mai ciki a wajen awo tana ɗauke da kusan miligiram 60. Duk mai cikin da ta ajiye ƙwayarta don ta ji an ce magi yana ƙara jini, ta yi musayar raƙumi da akuya.

Abin da talla ba ta ɗaga murya a kansa shi ne, rabin nauyin dunƙule ko fiye gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram biyar na gishiri a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Dunƙule biyu da rabi sun cinye wannan kaso. Gaskiya ne tukunya ɗaya mutum takwas ko goma ke rabawa, amma a lissafa: an sa dunƙule huɗu ko biyar, an bi da gishiri, an yayyafa fari. Da safe akwai ƙosai da yajin da aka daka da magi, da rana awara ko taliyar leda da ƙunshin haɗinta, da dare tsire ko kilishi. Daddawa ta ba miya ɗanɗano da furotin da mai, gishirin kuma uwargida ke auna shi da yatsunta tana gani. Dunƙule ya haɗe ɗanɗano da gishiri a ƙwaya guda, ta yadda duk mai neman ƙarin daɗi dole ya ƙara gishiri ko bai yi niyya ba.

A nan ne nake ganin an bar jaki ana dukan taiki. Tsoron jama'a ya tattara kan farin magi, ana cewa yana cire dattin tufafi, yana tsinka hanji. Asalin wannan zargi a duniya wata wasiƙa ce da wani likita ya aika wa mujallar likitoci a Amurka a 1968, yana kukan kasala bayan cin abincin Sinawa. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su tabbatar da zargin ba, kuma a 1987 kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa gulutamet cikin abubuwan da ba a ga buƙatar ƙayyade musu iyaka ba. Sodiyam ɗin da ke cikinsa bai kai sulusin na gishiri ba. Wanda ya haramta wa gidansa fari ya ninka dunƙule, gulutamet ɗin da yake gudu yana cikin dunƙulen, ga ƙarin gishiri a kai. Wanda ya cancanci a guje shi shi ne farin da ake aunawa a buɗe, babu suna babu lambar NAFDAC, domin ba a san abin da aka gauraya masa ba.

Yankinmu ma yana da tsohon tarihi da sodiyam. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun rubuta yadda ciwon zuciya bayan haihuwa ya yawaita tsakanin matan Zariya da Malumfashi, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna akwai wasu dalilan, har da ƙarancin sinadarin seleniyam, amma kanwa dai sodiyam ce, kuma yau mai jego tana shan ta a kan miyar da ta fi ta kakarta gishiri. Kusan baligi uku cikin goma a Najeriya suna da hawan jini. Magunguna irin su lisinopril ba sa aiki yadda ya kamata a jikin da gishiri ya cika, shi ya sa ake ta ƙara wa mutum ƙwaya awonsa bai sauka ba, shi kuma yana rantsuwa ya daina cin gishiri. Gaskiya ya faɗa: gishirin leda ya daina, dunƙule kuwa bai taɓa lissafa shi a gishiri ba.

Mai irin wannan lalura zai iya raba adadin dunƙulen gidansa biyu, a mayar da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen kifi su cike gurbin, kuma idan an sa dunƙule kada a bi da gishiri. Harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Gishirin kanti da ake cewa na masu hawan jini ne, wanda aka haɗa da fotasiyam, kada mai ciwon ƙoda ko mai shan lisinopril ko losartan ko spironolactone ya taɓa shi sai ya tambayi likitansa. Daddawar kuma a saya wajen wadda aka san tsaftarta, a tambaye ta ko ta sa gishiri wajen shanya, domin wasu kan sa don kada ta yi tsutsa.