Hafsan Jirgin Ruwa Da Ya Ratsa Zariya

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, na san yawancinmu mun haddace sunan Hugh Clapperton ne kawai don cin jarrabawa. Amma ko mun lura cewa mutumin nan sojan ruwa ne, ajalinsa kuwa ya same shi a inda babu teku?

An haife shi a Annan ta ƙasar Sikotlan a 1788. Ya yi aiki a rundunar jiragen ruwan yaƙin Ingila, har aka tura shi manyan tafkunan Kanada a 1814, ana cikin yaƙi da Amurka. Daga Tarabulus ya ƙetaro hamada, ya iso Kano a Janairun 1824, sannan Sakkwato a watan Maris. Abdullahi ake kiransa a ƙasar nan. Waziri Giɗaɗo ne ya kula da shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zamansa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bello ya yi masa tambayoyi kan ɗariƙun Kiristoci har Baturen ya rasa amsa. Ya ba shi taswirar ƙasarsa, ya kuma nemi Ingila ta aiko da jakada da likita. Shi kuwa baƙon, hanyar Kwara yake nema, da batun hana cinikin bayi.

Da ya koma gida aka ƙara masa girma zuwa kwamanda, ya sake dawowa ta Badagiri. A wannan zuwa ne ya ratsa Zariya, cikin daminar 1826, zamanin Sarkin Zazzau Yamusa.

Sai dai ya tarar al'amura sun sauya. Sakkwato na yaƙi da Borno, ga shi ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa ga Shehu Alkanemi. Bello ya karɓe su, ya hana shi wucewa. Clapperton ya ɗauki wannan cin amana ne. Ni dai ban ga laifin Bello ba, domin ya riga ya ji yadda Ingilishi suka shiga Indiya. Wane sarki ne zai bar baƙo ya kai wa abokin gabarsa kaya ana tsakiyar yaƙi?

Ciwon ciki ya kwantar da shi, ya mutu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu, 1827. Yaronsa Richard Lander ya binne shi, ya kwashi takardunsa ya nufi kudu, sai mahaya suka cim masa suka komo da shi Zariya, kafin aka sallame shi ya kama hanyar Badagiri.