Daga Rediyon Mota Zuwa Wufa: Me Ya Sa Amfilifaya Ke Yin Shiru?

Kafin ka yar da amfilifayar motarka, tsaya ka ji inda abin ya samo asali.

A 1930 kamfanin Galvin na Amurka ya fito da rediyon mota mai suna Motorola. Sautinsa ba ƙarfi, batirin mota ma a lokacin bolt 6 ne. Daga baya aka koma 12, kaset ɗin Philips ya zo a 1963, amma ƙarfin bai isa ya girgiza babbar sifika ba. A 1973 Jim Fosgate ya ƙera amfilifayar mota. Ta yau kuwa tana ɗaga bolt 12 ɗin nan a cikinta, shi ya sa take zuƙar wuta sosai. Ka ga kenan wuta za ka fara zargi.

In wufa ta yi shiru, duba fis na kusa da batir. Sai wayar at, ka kankare tsatsa inda ta kama jikin mota. Sai siririyar wayar rimot, yawanci shuɗiya: in ba bolt 12 a kanta bayan ka kunna rediyo, amfilifaya ba za ta tashi ba. In fitilar kariya ce ta kama, cire wayoyin wufa ka sake gwadawa.

Makon jiya wani mai tallan magani da ke bin kasuwannin Malumfashi da Funtua ya kawo min tasa nan Gozaki, har ya fara neman bashin sayen sabuwa. Wallahi tsatsa ce kawai a wayar at.