Gadon matashi: yadda ake zaɓen girmansa kafin a je wurin kafinta

Yaron da aka saya wa gado yana shiga kwalej, sau da yawa kafin ya rubuta jarabawar BEPC ƙafafunsa sun fara leƙowa ta ƙarshen katifa. Gado kuwa ba takalmi ba ne da za a riƙa sauyawa kowace shekara. A yawancin gidaje sau ɗaya ake sayensa, ya yi shekara goma ko fiye, ya wuce daga wa zuwa ƙane. Shi ya sa awon da ya kamata a yi aiki da shi shi ne tsawon da yaron zai kai idan ya gama girma. Iyaye da yawa suna duba faɗi, suna tambayar gadon mutum nawa ne, alhali ga matashi tsawo ne ya fi ba da matsala.

Tsawon da yaro zai kai

Ƴan mata suna riga maza miƙewa. Yawancinsu suna yin tsawo da sauri tsakanin shekara 10 da 14, kuma bayan yarinya ta fara al'ada abin da take ƙarawa bai cika wuce santimita 5 zuwa 8 ba. Maza suna farawa kamar shekara biyu a baya, amma idan suka fara, a shekarar da suka fi miƙewa, wajen 13 zuwa 15, yaro yana iya ƙara santimita 9 ko 10 cikin wata goma sha biyu, kuma yana ci gaba har shekara 17 ko 18, wasu ma su ɗan zarce. Don haka yarinya mai shekara 15 ta kusa kai tsawonta na dindindin, ana iya auna ta a yanke shawara. Yaro mai shekara 12 kuwa yana iya ƙara santimita 25 ko fiye a gaba.

Likitocin yara suna da wani lissafi mai sauƙi na hasashe. A haɗa tsawon uba da na uwa. Idan namiji ne a ƙara santimita 13, idan mace ce a rage 13, sannan a raba biyu. Misali uba mai santimita 176 da uwa mai 162: ɗansu zai kai wajen 175, ɗiyarsu wajen 162. Lissafin yana iya kuskurewa da santimita 8 sama ko ƙasa, kuma yaron da ya samu abinci da lafiya fiye da yadda iyayensa suka samu suna yara yakan wuce su. Idan a dangin akwai dogaye, kawunnai ko kakanni, gara a ɗauki adadin sama.

A kan wannan tsawo sai a ƙara santimita 15 zuwa 20. Matashin kai yana cin wuri, mutum ba ya manna kansa da allon gado, kuma ƙafa tana miƙewa idan an kwanta rigingine ko rub da ciki. Abin da ke fitowa daga nan a fili yake. Katifa mai tsawon 190, wadda ita ce ta fi yawa a kasuwa, tana isar wanda bai wuce santimita 175 ba. Wanda zai kai 180 ko ya wuce, mai 200 ta dace da shi. Mai 200 ta fi wuyar samu a shirye, amma masu yankan soso suna yanka ta idan an yi oda, kafinta da mai walda kuma ba ruwansu, abin da aka rubuta musu shi za su yi.

Awo iri biyu a kasuwa ɗaya

A Nijar ana kiran gado da yawan "plas", wato wurin kwanan mutum nawa, kamar yadda aka gada daga Faransanci. Plas 1 faɗinsa santimita 90 ne, tsawonsa 190. Plas 2 shi ne 140 da 190. Plas 3 ne ba a daidaita a kansa ba: wani mai shago 160 yake nufi, wani 180. Akwai kuma mai faɗin 120, wanda wasu ke kira plas ɗaya da rabi.

To amma katifu da yawa da ake gani a kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Ƙonni daga Najeriya suke shigowa, ta Jibiya, Daura ko Illela, kuma can da ƙafa da inci ake awo. Ƙafa ɗaya santimita 30 da rabi ce. Katifa mai faɗin ƙafa 3 tana da santimita 91, mai ƙafa 3 da rabi 107, mai ƙafa 4 kuma 122. Mai ƙafa 4 da rabi 137 ce, mai ƙafa 5 tana da 152, mai ƙafa 6 kuma 183.

Nan ake samun kuskure. Mai ƙafa 4 da rabi tana zama daidai cikin gadon plas 2, ratar santimita 3 ba ta damun kowa. Mai ƙafa 5 a cikin gadon 160 tana barin ramin santimita 8, inda wayar salula da biro suke ɓacewa, ƙafa ma tana iya maƙalewa. Mai ƙafa 6 ba ta shiga gadon 180 sai an danna ta, ta yi doro a tsakiya, ɗinkin rigarta ya fara ɓarkewa.

Tsawon ma haka ne. Abin da ake kira "ƙafa shida" a wurin manyan kamfanonin katifa galibi inci 75 ne, wato santimita 190. Amma akwai masu yanka ƙafa 6 cif, santimita 183, kuma wannan ba ta isar wanda ya wuce 168 a tsawo. Sunan da mai shago ya faɗa ba awo ba ne. A je da tef irin na tela a auna tsawo, faɗi da kauri da hannu. Kuma a fara sayen katifa, sannan a kai wa kafinta awonta, ya bar ratar santimita 1 ko 2 a kowane gefe don saka zanen gado da cusa sange. Gyaran gadon da aka riga aka haɗa ya fi yanka sabon soso tsada da ɓacin rai.

Faɗi da girman ɗaki

Ga matashi ɗaya, 90 ya isa barci. Hanyar gwadawa ita ce ya kwanta rigingine ya sa hannayensa biyu a ƙeya. Idan gwiwar hannunsa ba ta wuce gefen katifa ba, faɗin ya yi. Mai jiki, ko mai yawan juyi cikin barci, zai fi jin daɗin 107 ko 120. A gidajen da babu tebur, gado shi ne wurin bitar darasi, da littattafai a baje, kuma wannan ma dalili ne na zaɓen 120 idan ɗakin ya ɗauka. Fiye da haka, a ganina, asarar wuri ce da kuɗi: katifa mai faɗin 180 sosonta ninki biyu ne na mai 90.

A ɗauki ɗaki mai mita 3 da 3, irin shagon samari da ke bakin zaure ko ɗakin haya. Gadon 180 da 190 yana cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na filinsa, kuma jikin gadon kansa yana ƙara santimita 5 zuwa 10 a kan awon katifa. Ana buƙatar aƙalla santimita 60 na wucewa a gefe, da wurin da ƙofa za ta buɗe, da inda za a shimfiɗa darduma. A auna faɗin ƙofar ma. Gadon ƙarfe da aka yi wa walda gaba ɗaya, ba ya kwancewa, yana iya tsayawa a bakin ƙofa, musamman a tsofaffin gidajen ƙasa masu zaure mai lanƙwasa. A nemi mai ƙusoshin da ake kwancewa.

Idan yara biyu ne a ɗakin, gado biyu masu 90 sun fi babba ɗaya. Sosonsu ɗaya ne da na mai 180, kuma a ɗakin mita 3 suna barin hanya ta kusan mita ɗaya a tsakiya. Kowa da sangensa, mai karatun dare ba ya tada mai barci, ƙaiƙayi da makero ba sa saurin yaɗuwa. Koyarwar Musulunci ma ta umarci a raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara 10. Wasu iyaye mata suna saya wa budurwa babban gado da tunanin za ta tafi da shi ɗakin miji. Da wuya hakan ta faru. Ranar jere sabo ake nema, tsohon ya zauna yana cin rabin ɗaki.

Gado mai hawa biyu yana ceton wuri inda yara suka yi yawa, amma yana da sharuɗɗa. A bar aƙalla santimita 75 tsakanin katifar sama da rufi, haka tsakanin ta ƙasa da ta sama, don matashi ya iya zama bai sunkuya ba. Shingen gefe ya ɗara saman katifa da santimita 16 ko fiye, saboda haka katifar sama kada ta yi kauri sosai. Kada a ajiye shi kusa da fankar sama, kuma kada yaro ɗan ƙasa da shekara 6 ya kwana a saman. A ɗakin da ke da rufin kwano ba silin, wanda ke sama zai sha wuya a watan Afrilu da Mayu.

Sange da zafi

Sangen da ake rabawa mai magani, mai kusurwa huɗu, yana zuwa a girma daban-daban, babban cikinsu galibi 190 da 180, tsayi 150. Yana rufe gadon plas 1 ko plas 2 da saura mai yawa na cusawa ƙarƙashin katifa. A kan gadon da ya kai girmansa kuwa yana ɗaurewa tamau, gefe ya riƙa zarewa. Wannan yana da alaƙa kai tsaye da tsawon gado: matashin da gado ya yi wa gajarta yana kwana da tafin ƙafa ko gwiwa a jikin raga, sauro kuma yana cizo ta cikin ragar. Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa, santimita goman nan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya yi gado mai tsawon 200 ya tabbatar sangensa ya kai, ko ya nemi mai siffar laima da ake ratayawa a ƙusa ɗaya.

Da bazara, idan zafi ya haura digiri 40, gidaje da yawa a tsakar gida suke kwana. Gadon katako mai nauyi ba ya fita. Gadon ƙarfe mai saƙar igiyar roba, irin wanda masu walda ke yi a kowane gari, mutum ɗaya yana ɗaukarsa, iska tana shiga ta ƙasa, ba ya riƙe zafi kamar soso. Sai dai sau da yawa ana yin sa gajere, kuma ƙarfen ƙarshensa yana cin agara. A faɗa wa mai walda tsawon da ake so kafin ya yanka bututu. Igiyar tana saki da daɗewa, gadon ya zama kwari. Ana sake ɗaure ta.

Katifa da jikin gado

Matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma nauyinsa yana kusan ninkawa a shekarun balaga. Katifar da ta ɗauke shi yana ɗan firamare ba za ta ɗauke shi yana lise ba. Kaurin santimita 15 zuwa 20, wato inci 6 zuwa 8, ya wadatar. Abin da ya fi kauri muhimmanci shi ne nauyin soson: mai kauri amma sakayau yana lotsawa cikin ƴan watanni. A ɗaga gefe a ji nauyi, a danna da gwiwa a ga ko yana dawowa nan take. Yaron ya kwanta a kai a shagon. Idan ƙugunsa ya nutse har ya ji katakon ƙasa, a bar ta.

Tsayin gado daga ƙasa, tare da katifa, ya kasance santimita 45 zuwa 50. Yana ba da damar shara da ajiye akwati a ƙasa, yana kuma nesanta mai barci daga kunama da damshin damina. Katakan da ke ɗauke da katifa kada ratarsu ta wuce santimita 7, in ba haka ba soso yana nutsewa tsakaninsu ya yayyanke. Gado mai faɗin 140 ko fiye yana buƙatar ƙarin gungume a tsakiya mai ƙafarsa. A ɗakin da ba siminti, gara tana cin farin katako daga ƙafafu, ƙarfe ya fi daɗewa. Gadon hannu, ko daga Katako a Yamai aka saye shi ko daga maƙwabci, a kwance shi a duba mahaɗa da ramukan ƙusa saboda kuɗin cizo kafin ya shiga ɗaki.

Wanda kuɗinsa bai kai gado da katifa a lokaci ɗaya ba, ya fara da katifa mai kyau mai cikakken tsawo, a shimfiɗa ta a kan tabarma, a riƙa jingine ta da rana tana shan iska. Gadon ya biyo baya, a kan awon katifar da ke gida.