Yadda Mutanen Japan Suka Koma Cin Nama da Shan Madara

Duk wanda ya daɗe bai ci nama ba, ko don zuhudu, ko don larura, ko don bin wata aƙida, ran da ya koma ci yakan tarar cikinsa ya yi masa gardama, zuciyarsa kuma ta tashi tun lomar ba ta kai baki ba. In kuwa ana neman inda wannan al'amari ya sami al'umma ɗungum, har ya shiga littattafan tarihi, to, sai a dubi ƙasar Japan, wadda ta shekara wajen 1,200 tana ƙyamar naman dabbobin gida, sa'an nan ta koma cinsa cikin zamanin sarki guda.

Asalin abin kuwa shi ne, bayan addinin Buda ya shigo musu daga Koriya a ƙarni na shida, da koyarwarsa ta hana kashe mai rai, sai Sarki Tenmu ya yi doka a shekarar 675 cewa kada a ci naman saniya, da doki, da kare, da biri, da kaza, tun daga wata na huɗu har zuwa na tara, wato lokacin da ake aikin gona. Dokar ba ta ambaci barewa da aladen daji ba, ba ta kuma hana cin kifi ba, amma da yake tsohon addininsu na Shinto yana ɗaukar jini da mushe a kan najasa, har wanda ya ci nama sai ya yi kwanaki yana tsarki kafin ya kusanci ɗakin ibada, sai aƙidun nan biyu suka haɗu suka ƙarfafa juna, abin da ya fara da umarnin sarki ya zama ɗabi'ar jama'a. Talaka ya rayu a kan shinkafa, da gero, da sha'ir, da waken soya, da ganyaye, da ɗan abin da ya samu na kifi. Malaman Buda a gidajen halwarsu kuwa ko kifin ba su ci. Rangwame ɗaya aka bari, shi ne na magani, domin mara lafiya yakan ci naman daji don ya sami ƙarfi, kuma sarakunan Hikone sukan aika wa Shogun, sarkin yaƙin da ke riƙe da mulki, naman sa da aka jiƙa cikin miso, daddawarsu ta waken soya, da sunan magani.

Haka aka zauna har jiragen ruwan Amurka suka zo a 1853 suka tilasta a buɗe ƙasar ga baƙi. Masu ilimin zamanin Sarki Meiji, da suka ga Turawa sun fi su tsawo da ƙiba, sai suka yanke hukunci cewa sirrin yana cikin abinci. Babbansu Fukuzawa Yukichi, wanda zazzaɓin taifot ya kwantar a 1870 ya kuma farfaɗo da taimakon madarar shanu, ya rubuta maƙala yana kiran mutanensa ga nama da madara. A farkon 1872 aka ba da sanarwa cewa Sarki Meiji da kansa ya ci naman sa, kuma cikin wannan shekara hukuma ta halatta wa malaman Buda cin nama da yin aure. Abin ya yi wa masu riƙon tsohuwar hanya ciwo ƙwarai, har wasu masu zuhudu su goma, sanye da fararen tufafi, suka yi yunƙurin kutsawa fadar sarki don nuna cewa an ƙazantar da ƙasa, masu gadi suka harbe huɗu daga cikinsu.

To, umarnin sarki yana iya canja doka a wuni guda, amma ba ya iya sa maƙogwaro ya haɗiyi abin da rai ke ƙyama. Mutane da yawa warin naman kaɗai ya ishe su tashin zuciya, alhali kuwa likitoci sun tabbatar jikin ɗan Adam ba ya rasa ikon narkar da nama don ya daɗe bai ci ba. Abin da ke faruwa shi ne kitse yana jinkiri a ciki yana kuma bukatar ruwan matsarmama mai yawa, ƙananan halittun da ke zaune a hanji kuma sun saba da abincin da aka saba ba su, saboda haka wanda ya auka wa nama mai maiƙo farat ɗaya sai ya kwana da nauyin ciki da kumburi. Masu dafa abinci na Yokohama da Tokyo, ba tare da sun san wannan ilimi ba, suka dace da maganin abin: suka riƙa yanka naman ƙanana, suna dafa shi a tukunyar ƙarfe da miso ko ruwan waken soya da lawashin albasa, ana ci da shinkafa, har ƙamshin da aka sani ya rufe warin da ba a sani ba. Wannan girki, da suke kira gyunabe, shi ya shigar da naman sa bakin talaka.

Rundunar jiragen ruwa ma ta ga irin wannan. Ciwon da suke kira kakke, mai kumbura ƙafafu da kashe jijiya, wanda daga baya aka gane rashin bitamin B1 ne a farar shinkafa, ya kama mutum 169 cikin 376 na jirgin Ryujo a tafiyar 1883, har 25 suka mutu. Likita Takaki Kanehiro ya sa aka maimaita tafiyar a 1884 da jirgin Tsukuba, aka ƙara nama da madarar gwangwani a abincinsu, sai waɗanda suka kamu ba su kai ashirin ba, kuma ba wanda ciwon ya kashe. Duk da haka, da ya ga ma'aikatan jirgi suna ƙin burodi da nama, sai ya koma gauraya musu sha'ir a cikin shinkafa, ya bi da su ta hanyar da za su iya bi.

Madara ita ce mas'alar da ta fi wuya, domin a nan illar ta jiki ce tsantsa. Akwai wani sinadari a hanji mai narkar da sukarin madara, wanda kusan kowane jariri ke da shi, amma a jikin galibin mutanen gabashin Asiya yakan ragu bayan yaye, saɓanin makiyaya irin Fulani, waɗanda da yawansu ke riƙe da shi har tsufa. Wanda ya rasa shi in ya sha madara da yawa sai ƙugin ciki, da iska, da gudawa. Madarar da ta yi tsami kuwa ta fi sauƙi, domin an riga an cinye wani kashi na sukarin, kamar yadda kindirmo ya fi ɗanyen nono kwanciya a ciki. Mishima Kaiun, wanda ya sha nono mai tsami a wurin makiyayan Mongoliya, ya fito da abin sha mai suna Calpis a 1919, Yakult kuma ya biyo baya a 1935. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka riƙa ba 'yan makaranta madarar gari, dokar abincin makaranta ta 1954 ta tabbatar da tsarin, yara suka tashi suna shan kaɗan kullum, hanjinsu ya saba gwargwadon hali.

Abin da tarihin nan ke karantar da wanda ya yi niyyar komawa ga nama bayan dogon hani shi ne ya bambanta abu uku: ƙyamar zuciya, wadda girkin da aka saba da shi ke kawarwa; da nauyin ciki, wanda maganinsa farawa da kaɗan, romo kafin tsoka, kifi da ƙwai kafin kitse, mai tsami kafin ɗanyar madara; da kuma borin jini na haƙiƙa, mai zuwa da ƙaiƙayi, da kumburin leɓe, da toshewar numfashi, wanda haƙuri ba ya warkar da shi, sai a bar abincin nan take a nemi likita. Biyun farko sannu a hankali ke maganinsu, amma na ukun jinkiri a kansa ganganci ne da rai.