Tarihin Kalmomin Mulki a Ƙasar Karaye, Daga Razdan Zuwa Kansila

Lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sun tarar da ƙasa mai tsararren mulki, wadda take da sunan kowane muƙami tun daga sarki har zuwa mai unguwa, kuma Sarkin Karaye yana cikin manyan sarakunan garuruwa da ke zaune a ƙasarsu suna biyayya ga fadar Kano. Saboda haka inda Hausa ta rasa takwarar wata kalmar Ingilishi a fagen mulki, dalilin shi ne abin da kalmar take nufi baƙo ne, ba a taɓa ganin irinsa ba balle a raɗa masa suna.

Irin waɗannan kalmomi kunnen talaka ne ya fara karɓar su, bakinsa kuma ya gyara su. Babban Bature mai kula da lardi ya zama Razdan, na ƙasa da shi, wanda yake fita rangadi ƙauyuka don duba haraji da jangali, ya zama Di'o, sunan da ba kome ba ne illa haruffan farko na muƙaminsa. Haka aka sami En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa suka ɗora wa karɓar haraji da riƙon kotunan alƙalai da 'yan doka da gidan yari, kalmar da ta shiga jinin mutane har dattawa suke auna zamani da ita, su ce an yi abu kaza tun zamanin En'e.

Inda kuwa sabon abu ya yi kama da wani sananne, sai aka faɗaɗa tsohuwar kalma ta ɗauke shi. Da Turawa suka yanka ƙasar Kano yanki-yanki, suka tilasta wa hakimai barin birni su tare a cikin jama'arsu, an kira kowane yanki gunduma, kalmar da asalinta ke nufin babban yanki da aka datsa daga jikin wani abu, kuma da wuya a sami fassarar da ta fi wannan bayyana abin da ya faru. Larabci, wanda ya riga Ingilishi shigowa da ɗaruruwan shekaru, shi ya bayar da baitulmali da lardi da jiha da jam'iyya, har da ƙuri'a, wadda a da ake yi don raba gardama kafin ta koma takardar zaɓe.

Masana sun shigo cikin aikin daga baya. Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939 Abubakar Imam yana editanta, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da sashen Hausa na BBC daga 1957, duk sun yi ƙoƙarin ƙirƙiro kalmomi, amma abin da jama'a suka ga ya zauna musu a baka shi kaɗai ya rayu. Gyaran mulki na 1976 ya nuna haka ƙarara, domin an karɓi ƙaramar hukuma, wadda ƙirƙira ce, amma ciyaman da kansila suka ci gaba da yawo a bakin mutane duk da akwai shugaba da wakili. Mazaɓa ma, wadda aka gina daga zaɓe bisa ƙirar makaranta da masallaci, ta zauna daram.

A yau, alal misali, Unguwar Hajji mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Karaye, tana zaɓen kansila, tana kuma cikin masarautar da wata doka ta 2024 ta haɗa Karaye da Rogo a ƙarƙashinta.