Karatun Kundin Halittar Ƙwayoyin Cuta: Nazari a kan Horar da Ma'aikatan Ɗakunan Gwaji

A watan Agusta na 2016 aka samu yara biyu da shan inna ta shanye musu gaɓoɓi a ƙananan hukumomin Gwoza da Jere na Jihar Borno. Labarin ya girgiza hukumomin lafiya, domin Najeriya ta yi shekara biyu cur ba a ga ƙwayar shan inna ta daji ba. Tambayar da ta fi damun kowa ita ce inda ƙwayar ta fito: shigo da ita aka yi daga wata ƙasa, ko kuwa tana nan tun da can? Da aka karanta wani yanki na kundin halittarta mai haruffa kusan 900, aka gwada da na ƙwayoyin da aka adana a baya, sai aka ga 'yar'uwarta mafi kusa ita ce wadda aka gani a Borno a 2011. Wannan yanki yana sauya kusan kashi ɗaya cikin ɗari a kowace shekara, don haka tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin biyu ta nuna tsawon lokacin da aka yi ba a gan ta ba. Ashe ta yi kimanin shekara biyar tana yawo tsakanin yara a garuruwan da rikicin Boko Haram ya hana masu rigakafi shiga. A kan wannan amsa aka gina gangamin rigakafi da ya haɗa Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya.

Abin da wannan nazari ya sa a gaba shi ne mutanen da ke iya ba da irin wannan amsa, da yadda ake horar da su. Ra'ayina shi ne, a shekarun nan mun samu injina da sauri fiye da yadda muka samu masu fassara abin da injinan ke fitarwa, kuma salon horon da ya fi yawa a yanzu ba zai cike wannan giɓi ba.

Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da kundi da aka rubuta da haruffa huɗu. Na ƙwayar korona yana da haruffa kusan 30,000, na bakteriyar sanƙarau ya haura miliyan 2, na tarin fuka kuwa miliyan 4.4. Duk lokacin da ƙwaya ta hayayyafa sai ta kwafi kundin nan, kuma jefi-jefi takan yi kuskure. Wanda ya taɓa hulɗa da littattafan da malamanmu suka kwafa da hannu ya san cewa idan mai kwafi a Katsina ya tsallake kalma, duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji wannan tsallake, har mai nazari ya iya gane wane kwafi ne ya fito daga wane. Haka ake gano salsalar ƙwayoyin cuta. Aikin tattara waɗannan haruffa da tace su da kwatanta su ta kwamfuta shi ake kira bayo'infomatiks.

Amfanin wannan ga lafiyar jama'a ya fito fili a farkon 2018, lokacin da zazzaɓin Lassa ya ɓarke a Najeriya fiye da yadda aka taɓa gani a rubuce. An shiga fargabar ko wani sabon nau'i ne ya ɓullo mai saurin yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ƙungiyoyi biyu suka karanta kundin ƙwayoyin da aka samu daga majinyata: ɗaya a Asibitin Koyarwa na Ƙwararru da ke Irrua a Jihar Edo tare da abokan aiki daga Jamus da Ingila, ɗaya kuma a cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a ƙarƙashin Farfesa Christian Happi. Duka biyun suka ga ƙwayoyin sun bambanta da juna sosai, kuma daga tsofaffin zuriyoyin da aka sani suke. Da a ce mutane ne ke ta harbin juna, da ƙwayoyin sun yi kama ƙwarai. Bambancin ya nuna cewa yawancin majinyatan daga ɓeraye suka kamu, kowa da nasa. Wannan ya kwantar da hankali, ya kuma nuna cewa tsaftar gida da adana abinci su ne inda za a fi mayar da ƙarfi.

Zuwan korona ya sauya yanayin nahiyar gaba ɗaya. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, kuma cikin 'yan kwanaki ACEGID da abokan aikinta suka fitar da kundin ƙwayar, wanda shi ne na farko daga Afirka. A Oktoba na shekarar, hukumar Africa CDC ta ƙaddamar da shirin dala miliyan 100 don samar da injina da horo. Kafin annobar, ƙasashe bakwai ne kacal a nahiyar cibiyoyin lafiyar jama'arsu ke da irin waɗannan injina; zuwa 2022 kusan ƙasashe 40 suna karanta kundin a cikin gida, an kuma tara kundin korona sama da 100,000. Masana a Botswana da Afirka ta Kudu ne suka fara sanar da duniya nau'in Omicron a Nuwamban 2021. Babu mai musun cewa wannan gagarumin ci gaba ne.

To amma sai a duba abin da ma'aikacin ɗakin gwaji yake buƙatar iyawa. Aikin ya kasu gida biyu. Na farko na hannu ne: fitar da sinadarin gado daga jini ko ruwan laka ko kashi, auna yawansa, shirya shi, loda shi a inji. Wanda ya saba aiki da bututun ɗibar samfur kuma ya iya gwajin PCR zai kama wannan cikin 'yan makonni, domin ci gaba ne a kan abin da hannunsa ya riga ya sani.

Gida na biyu ne mai wuya. Inji ba ya miƙo kundi a kammale. Abin da yake fitarwa gutsattsari ne masu ɗimbin yawa. Injinan Illumina suna ba da gajeru, haruffa 150 zuwa 300, masu ƙarancin kuskure. Ƙaramin injin MinION na kamfanin Oxford Nanopore, wanda tsawonsa kusan santimita 10 ne kuma da kwamfutar tafi-da-gidanka ake jona shi, yana ba da dogaye masu dubban haruffa amma kuskurensu ya fi yawa. Duk suna zuwa ne a fayil da ake kira FASTQ, inda kowane harafi yake tare da makin da ke nuna yadda inji ya amince da shi. Sai ma'aikaci ya zubar da marasa inganci, ya jera sauran a kan kundin da aka sani ko ya harhaɗa su daga tushe, ya duba sau nawa aka karanta kowane wuri, ya tabbatar samfurin wani majinyaci bai gurɓata na wani ba. Yawancin manhajojin wannan aiki a kan Linux suke gudana, inda babu hoton da za a latsa, sai baƙin allo da umarnin da ake rubutawa. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana gane bakteriya da launinta da warinta a farantin gwaji zai zauna gaban wannan allo, tazara ɗaya da ya manta tsakanin kalmomi biyu ta tsayar masa da aiki yini guda. Mutane da yawa a nan suke karaya, kuma ba don ƙarancin basira ba.

Ga misali ɗaya na abin da ya sa latsa maɓalli kawai bai wadatar ba. Hanyar ARTIC da aka fi amfani da ita wajen korona tana yanka kundin gida kusan ɗari, kowane da ɗan makamin da ke kama bakinsa. Da nau'o'in Delta da Omicron suka zo, sauye-sauyensu sun faɗa daidai inda wasu makaman ke kamawa, sai waɗannan yankuna suka daina fitowa. Wasu manhajoji, idan ba a saita su da kyau ba, sai su cike gurbin da haruffan tsohuwar ƙwayar Wuhan. Sakamakon zai fito tsaf, babu alamar matsala, amma ƙarya ce a ciki: zai nuna kamar ƙwayar ta koma asalinta a wannan wuri. Wanda aka koya wa bin matakai kaɗai zai tura wannan kundi zuwa rumbun GISAID da zuciya ɗaya. Wanda ya fahimci abin da ke faruwa a ƙarƙashi zai buɗe fayil ya ga cewa babu gutsuren da ya rufe wurin.

Shi ya sa nake ganin bitar kwana biyar a otal, wadda ita ce ta fi yawa, amfaninta kaɗan ne. Ana tara mutane, a ba su bayanan da aka riga aka tsabtace, a kan kwamfutocin da aka riga aka saita, su kwafi umarni daga allon malami, a raba takardar shaida da alawus. Mutum ya koma wurin aikinsa ya tarar babu kwamfuta mai ƙarfi, intanet ba ya iya ɗaukar fayil mai gigabait da yawa, sinadaran inji sun ƙare ko suna jiran fitowa daga kwastan, kuma ba shi da wanda zai tambaya. Bayan wata uku abin ya zube. Sau da yawa ma ba mai zama a kan bencin gwaji ake turawa ba, babba ne wanda aikin ofis ya riga ya cinye.

Akwai salon da ya fi wannan. Ƙungiyar H3ABioNet, wadda Farfesa Nicola Mulder ta Jami'ar Kef Tawun ta jagoranta, ta fara wani kwas na share fage a 2016 mai tsawon wata uku. Ana kallon darussa ta intanet, amma ɗalibai suna haɗuwa a aji a cibiyoyinsu tare da mataimakan malamai na gida, suna yin aiki ana duba musu. Hikimar a nan ita ce tsawon lokaci da kuma samun na kusa da za a tambaya. Rauninsa shi ne ya dogara da tallafin waje, kuma shirin H3Africa da ya haife shi ya cika shekarunsa goma a 2022. A gida kuma muna da shirin NFELTP da aka fara a 2008, mai shekara biyu, wanda ke horar da masu bin diddigin annoba da ma'aikatan ɗakin gwaji tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan, inda mafi yawan koyon a fagen aiki ake yin sa. A ganina irin wannan gida ne ya dace da karatun kundin halitta, saboda a nan ne mai gwaji da mai bin annoba suke zama a aji ɗaya.

Wannan haɗuwa tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Kundin da ba a san ranar da aka ɗauki samfurinsa ba, ko ƙaramar hukumar da majinyaci ya fito, ko an yi masa rigakafi, kusan ba shi da amfani wajen yanke shawara. Bishiyar salsala za ta nuna ƙwayoyi biyu 'yan'uwa ne, amma ba za ta ce wane ya harbi wane ba, kuma idan duk samfuran daga asibiti ɗaya na birni suka fito, za ta sa a zaci cutar daga birnin ta taso. Horon kirki dole ya haɗa da cike takardar samfur yadda ya kamata, da rubuta rahoto na shafi ɗaya wanda kwamishinan lafiya zai karanta ya san abin da zai yi gobe. Wasu na cewa a ɗauko masana kwamfuta su yi aikin tace kundin. Ana buƙatarsu, musamman wajen gina manhajoji da kula da rumbun bayanai. Amma wanda zai ga sakamako ya ce wannan bakteriya ba ta saba ɗaukar wannan sifa ba, a sake dubawa, shi ne wanda ya san ƙwayar tun daga faranti. Dandamali irin su Galaxy da Nextclade da Pathogenwatch sun rage wahalar baƙin allo, don haka hanyar ta fi sauƙi gare shi yanzu.

Batun ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye ta fuskar sanƙarau. Bayan rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 ya karya lagon nau'in A, sai nau'in C ya ɓullo a Jihar Sakkwato a 2013, ya haddasa babbar annoba a Nijar a 2015, musamman Yamai da Dosso, sannan tsakanin ƙarshen 2016 da tsakiyar 2017 aka samu sama da mutum 14,000 da ake zargin sun kamu a Najeriya, fiye da 1,100 suka rasu, Zamfara da Sakkwato da Katsina ne suka fi jin jiki. Karatun kundi ya nuna sabuwar zuriya ce, ST-10217, kuma binciken da aka jagoranta daga Oslo ta ƙasar Norway, aka buga a 2018, ya gano ta samo asali ne daga wata bakteriya mara lahani da ke zama a maƙogwaro, wadda ta ari ƙwayoyin gadon yin ɓawon kariya daga wata. Irin wannan sani yana cikin hujjojin da suka sa aka nemi rigakafi mai faɗi, kuma a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV mai kare nau'o'i biyar.

Cibiyoyin da suka yi suna a wannan fanni a Najeriya suna Ede da Legas da Ibadan da Irrua da Abuja, nesa da jihohin da sanƙarau ya fi addaba. Bakteriyar sanƙarau kuwa ba ta jure tafiya. Tana mutuwa da wuri idan ruwan lakar ya daɗe a hanya cikin zafin Maris, balle idan an riga an yi wa majinyaci allurar kashe ƙwayoyi. Mashaƙon da ya addabi Kano tun ƙarshen 2022 shi ma yana buƙatar a san ko ƙwayar na ɗauke da gadon dafi da kuma magungunan da ta daina ji. Asibitocin koyarwa na Kano da Sakkwato da Zariya da Maiduguri, da cibiyar CERMES ta Yamai, suna da ma'aikatan da suka san waɗannan cututtuka ciki da waje. Abin da zai amfane su shi ne horo na watanni a kan samfuran majinyatansu, mutum biyu ko uku daga kowane ɗaki domin idan ɗaya ya tafi aikin kada ya mutu, da matsayi da albashi a tsarin aikin gwamnati ga wanda ya ƙware. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 2032 a matsayin shekarar da take son kowace ƙasa ta samu karatun kundin halittar ƙwayoyin cuta a kan kari. Ma'aunin da ya kamata jihohinmu su riƙe kafin lokacin shi ne kwana nawa ake ɗauka daga ɗibar ruwan lakar yaro a Gusau zuwa isar rahoto teburin jami'in annoba na jiha.