TUTAR BAKIN RUWA

Ni dai ban taɓa ganin teku ba, iyakar babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Jakara da ke Wasai, nan ƙasar Minjibir. Amma wani tarihi na bakin teku ya tsaya mini a rai, shi ne na ce bari in kawo muku.

A shekarar 1985 aka fara wani tsari a Faransa mai suna Blue Flag, wato shuɗiyar tuta. Duk garin da ke son a san bakin tekunsa da tsabta, sai a zo a auna ruwan, a duba shara da makewayi da masu ceton wanda ruwa zai ci. In ya cika sharaɗi a kafa masa tuta, masu yawon buɗe ido su yi ta tururuwa. A 1987 abin ya bazu cikin Turai, a 2001 Afirka ta Kudu ta shiga. Abin da ya burge ni, tutar ta shekara ɗaya ce tak. In ruwa ya ɓaci, sauke ta ake yi.

To mu fa? Tun zamanin Gwamna Audu Bako Kano ta shiga gina madatsun ruwa, aka gama Tiga a 1974, aka yi otal a Bagauda don baƙi. Mu nan arewa muka samu Jakara da Tomas da Gari. Noman rani ya kankama, kifi ya wadata. Amma Jakara daga cikin birni take tasowa, tana kwaso ruwan kwata, rafin Getsi kuma ya ƙaro mata na masana'antun Bompai. Da wannan ruwa ake ban-ruwan latas da alayyahon da muke sawa a tukunya, a ciki yaranmu ke iyo.

Ba wai babu doka ba. Bayan guba da aka jibge a Koko a 1988 aka kafa hukumar FEPA, a 2007 NESREA ta gaje ta. Sai dai takarda ba ta tace ruwa. Ita ma tutar Turawan iyakarta wurin da aka kafa ta, ba ta hana mai zuba datti can sama da rafi, kuma sai mai kuɗin awo ke nemanta. Amfaninta ɗaya, akwai mai dubawa, akwai kunyar saukewa.

Mu da ba mu da tuta, idonmu ne tutarmu. Uwargida, wanke ganye da kyau, ki tambayi mai talla daga ina ya saro. In yaro ya fara fitsarin jini, tsargiya ce, a kai shi asibiti, kada a ce alamar balaga ce. Ki kuma matsa wa maigida ya yi magana in an zo neman ƙuri'a. Ai ruwa ba ya tsami banza.

Allah ya kare mana zuri'a, amin.